Gandun Richmond a Ranar Tseren Gudu da Keke

A kudu maso yammacin birnin Landan akwai wani makeken gandun daji da ake kira Richmond Park, mai faɗin eka 2,500. Shi ne mafi girma a cikin gandaye takwas na masarauta da ke birnin. Duk wanda ya shiga ta ɗaya daga cikin ƙofofinsa, kafin ya yi tafiyar minti goma zai manta cewa a cikin birni mai mutane kusan miliyan tara yake. Ciyawa ce iya ganinka, da tafkuna, da tsofaffin itatuwa waɗanda wasunsu sun yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, sai kuma bareyi fiye da 600 da ke kiwo abinsu ba makiyayi. Wata hanyar kwalta mai tsawon kusan kilomita 11 ta kewaye gandun ta ciki, tana hawa tudu tana gangarawa, kuma saboda wannan hanya ne masu keke na Landan suka mayar da wurin tamkar gidansu.

Wani aikin bincike ne ya kai ni Ingila, kuma a wata Lahadi ta watan Satumba na je gandun domin kallon gasar da ake kira London Duathlon. Duwatlon tsere ne mai zango uku: a fara da gudun ƙafa, a hau keke, sannan a sauka a sake gudun ƙafa, duk a jere, agogo na tafiya ba tsayawa. Ƙanen tirayatlon ne, wato tseren da ya haɗa iyo da keke da gudu, wanda ya shiga wasannin Olamfik a Sidni a shekarar 2000. Shi duwatlon bai samu wannan gata ba, ko da yake tun 1990 ake gasarsa ta duniya. Amfaninsa ga mutanen ƙasashen sanyi a fili yake: ba ya buƙatar ruwa, don haka ana iya yin sa a watannin da ba mai hankalin da zai faɗa tafki, kuma wanda bai iya iyo ba ma yana da rabo.

Ma'aunin da aka saba da shi a duniya shi ne gudun kilomita 10, keke kilomita 40, sannan gudun kilomita 5. A Richmond hanyar ce ta yanke hukunci: kewaye huɗu na gandun sun ba da kilomita 44 a kan keke. Akwai ƙaramin zango ga sababbin shiga, akwai mai tsawo ga waɗanda suka ƙoshi da horo, akwai kuma na karɓa-karɓa, inda abokai ke raba aikin a tsakaninsu. Wanda ke ganin wannan ya yi yawa, sai ya ji labarin garin Zofingen na ƙasar Suwizalan, inda ake gudun kilomita 10, a tuƙa keke kilomita 150, a rufe da gudun kilomita 30.

Da sanyin safiya na isa wajen ƙofar Roehampton, inda aka kafa rumfuna. A ranar an hana motoci shiga gandun. Abin da ya fara jan idona shi ne wani fili da aka killace, an jera dogayen ƙarafa a ciki, kekuna rataye a kansu ta sirdi, layi bayan layi, kowanne da lambarsa. Nan ne wurin sauyi, kuma a nan ake gane gwani da ɗan koyo. A ƙarƙashin kowane keke mai shi ya shimfiɗa ɗan tawul, ya ajiye takalmin feda da hular kwano da gorar ruwa, kowane abu a inda hannu zai same shi ba tare da dube-dube ba. Kowane ɗan tsere yana ɗaure da wata 'yar na'ura da ke ƙidaya masa lokaci, kuma daƙiƙun da ya ɓata wajen sauya takalmi suna cikin lissafi.

Mutanen da suka cika filin ba waɗanda ake gani a talabijin ba ne. Kusan dukkansu 'yan sha'awa ne, masu ayyukansu na yau da kullum, waɗanda washegari Litinin za su koma ofis ko asibiti ko aji. Na ga samari da 'yan mata, na ga iyaye mata waɗanda mazajensu ke riƙe da yara a bakin hanya, na ga dattawa masu furfura fari fat. Da yawansu suna sanye da rigunan kulob-kulob ɗinsu, kowace ƙungiya da launinta da sunan unguwarta a ƙirji. Ba a sallame su gaba ɗaya ba. Rukuni-rukuni ake sakinsu domin kada hanya ta cushe. Sakamako kuwa bisa rukunin shekaru ake duba shi, ta yadda ɗan shekara sittin da sa'o'insa yake gwada ƙwanji, ko da kuwa a gefen ɗan ashirin yake gudu.

Dokokin wasan kaɗan ne, amma ba a wasa da su. Ba ka taɓa kekenka sai hular kwano tana kanka kuma ka ɗaure igiyarta. Ba ka hawa a cikin wurin sauyi. Sai ka tura shi da hannu har ka tsallake wani layi da aka shata a ƙasa. A kan hanya kuma an hana ka manne wa bayan wani. Dalili shi ne, iska ce babbar abokiyar gabar mai keke, kuma wanda ya fake a bayan wani yana samun sauƙi mai yawa da guminsa bai biya ba. Saboda haka kowa da tazararsa, kowa ya sha iskarsa.

Na taka zuwa gefen wani tudu na tsaya. A nan ne bambancin mutane ke fitowa. Wasu sukan miƙe tsaye a kan feda su haye kamar ba tudu ba, wasu kuwa kai a sunkuye, keke na tangaɗi, numfashi kamar zugazugin maƙera. Wani bawan Allah tayarsa ta yi faci, ya koma gefe ya kifa keken, ya zaro sabon tub daga aljihun bayan rigarsa ya hau aiki shi kaɗai, sauran na wucewa. Can nesa da hanya, wani namijin barewa mai rassan ƙaho yana tsaye a cikin ciyawa yana kallo. Watan Satumba farkon lokacin barbararsu ne, lokacin da mazan ke da faɗa, shi ya sa hukumar gandun ke gargaɗin mutane da su bar tazarar aƙalla mita 50 tsakaninsu da dabbobin.

Gudu na biyu shi ne ainihin jarrabawar, ko da yake shi ne mafi gajarta. Ƙafar da ta yi fiye da awa guda tana juya feda ta saba da wani irin motsi, jijiyoyin cinya sun riga sun gaji da gudun farko da hawan tudu, sai kwatsam a ce ta sake ɗaukar nauyin jiki gaba ɗaya. Mai kallo yakan ga mutum ya fito daga wurin sauyi yana tafiya kamar wanda aka ɗaura wa tubali a ƙafa. Wanda ya yi wa kansa gaggawa a kan keke, a nan yake biyan bashi. Na ga waɗanda suka wuce jama'a fuu a kan tudu sun koma takawa, hannu a ƙugu, wata dattijuwa mai ƙananan taku ta zo ta wuce su ba tare da ta waiwaya ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Abin da ke riƙe da waɗannan mutane shi ne kulob. Wani ɗan sa-kai da ke nuna hanya ya bayyana mini cewa a ƙungiyarsu sukan haɗu da yamma bayan tashi daga aiki su yi gudu, a ƙarshen mako kuma su fita da kekuna, kuma mambobi ne da kansu ke riƙe muƙaman shugaba da ma'aji da mai horarwa, ba mai karɓar ko sisi. Shi a wannan shekarar ciwon gwiwa ya hana shi shiga, sai ya zo ya tsaya a mararraba tun asuba domin wasu su samu yi. Wannan al'ada tsohuwa ce a yankin. Ƙungiyar gudu ta Thames Hare and Hounds tun 1868 take, Ranelagh Harriers kuma, wadda mazauninta ke gefen wannan gandu, tun 1881. A gandun Bushy da ke maƙwabtaka ne aka fara gudun nan na parkrun a 2004 da mutum 13 kacal, gudun kilomita biyar kyauta kowace Asabar, wanda yanzu ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Duk da haka, ba wasan kowa da kowa ba ne. Shiga gasar da kuɗi ne, kuma wasu daga cikin kekunan da na gani a rataye sun fi tsohuwar mota tsada. Na dai ga 'yan tsirarun da suka zo da keken da suke zuwa aiki da shi, har da mazaunin kaya a baya, kuma ba wanda ya kore su. Amma gaskiyar magana, yawancin mahalarta masu abin hannu ne da kuma sararin lokaci. Abin da ke na kowa da kowa shi ne filin kansa, kuma wannan ma da gumi aka same shi.

Sarki Charles na Ɗaya ne ya killace wurin a 1637 domin farautarsa, ya kewaye shi da katangar tubali mai tsawon kusan mil takwas, abin da bai yi wa manoman yankin daɗi ba. Bayan shekara ɗari da ɗoriya, Gimbiya Amelia, 'yar Sarki George na Biyu, ta zama mai kula da gandun a 1751, ta rufe shi ga kowa sai wanda ta ga dama. Wani mutumin garin Richmond mai sana'ar dafa giya, John Lewis, ya kai ƙara, kuma a 1758 kotu ta tabbatar wa masu tafiya a ƙasa haƙƙinsu na ratsa gandun. Aka kafa tsani a jikin katanga domin jama'a su riƙa hayewa. Duk wanda ya yi gudu a wurin yau, yana cin moriyar shari'ar da talaka ya yi da 'yar sarki ya yi nasara.

Sai dai buɗe fili ga kowa yana zuwa da tasa rigimar. Masu yawo da karnuka, da iyaye masu tura jarirai, da masu hawan doki, da direbobin da ke yanke hanya ta cikin gandun, da masu keke, da bareyin kansu, duk wuri ɗaya suke so. An ƙayyade wa motoci gudun mil 20 a awa, amma ƙa'idar ba ta hau kan kekuna a doka ba, kuma gwanin keke a gangara yakan wuce haka. A 2022 wani mai keke ya buge wata tsohuwa 'yar shekara 81 a gandun Regent's Park, ta rasu daga baya. Bayan binciken mutuwarta a 2024, hukumar da ke kula da gandayen ta shiga sake nazarin harkar tseren keke, kuma a wannan shekarar aka soke gasar duwatlon ta Richmond, wadda ni na kalla kafin lokacin.

Hukuncin yana da wuyar yankewa. Ran mai tafiya a ƙasa ya fi kowace gasa daraja, kuma masu keke da ke ɗaukar hanyar jama'a kamar fagen tsere a ranakun da ba na gasa ba, su ne suka jawo wa 'yan'uwansu baƙin jini. A ɗaya ɓangaren kuma, ranar gasa ita ce ranar da hanya ke rufe ga motoci, da masu tsaro a kowace mararraba, da dokoki, da masu ba da agajin gaggawa. A ganina, soke irin wannan rana ya fi taɓa waɗanda suka yarda su bi tsari fiye da masu ganganci, domin mai ganganci ba ya jiran a shirya masa gasa. Idan bera da sata, daddawa ma da wari: gyaran yana wuyan masu keke da hukuma baki ɗaya.

Akwai wani ɗan tudu a gandun da ake kira King Henry's Mound. Daga kansa, ta wani ɗan rami da aka bari a tsakanin itatuwa, ana hango ƙubbar majami'ar St Paul's mai nisan mil goma, kuma doka ta kare wannan hange daga gine-ginen da za su tare shi. Mutanen da suka iya kare abin da ido kawai ke gani, ba su rasa hikimar da za su samar wa 'yan tsere yini guda a shekara ba. Mu da muke ganin yadda ake yanka filayen wasa a garuruwanmu ana mayar da su shaguna mun san cewa fili ba ya kare kansa. Na Richmond ya tsira shekaru kusan ɗari huɗu ne saboda a kowane zamani ana samun masu amfani da shi da suka haɗa kai, suka san haƙƙinsu, suka kuma yarda cewa wasu ma suna da nasu.