A Auna Kunne Kafin A Ɗauki Bulala

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in yi magana da malamanmu.

Sau da yawa akan ce yaro kunnen ƙashi gare shi, alhali kuwa kunnen ne ba lafiya. Ƙyanda da sanƙarau da mugunyar kunne duk suna rage ji.

Ni akawu ne, an taɓa auna nawa a asibiti, na ga yadda ake yi. Na'urar sunanta odiyomita, David Hughes ya nuna irinta a Landan tun 1879. Akan kifa wa mutum abin saurare a kunnuwa, a riƙa sakin sauti, mai kauri da siriri, ana rage ƙarfinsa. In ya ji sai ya ɗaga hannu. Ma'aunin ƙarfin nan shi ne desibel. Wanda ya ji sautin desibel 20, kunnensa lafiya lau. Ba zafi, ba allura.

To, malam, in ɗalibi ya cika cewa "Na'am?" ko kuwa yana zura wa bakinka ido, zaunar da shi gaba, ka sa iyayensa su kai shi awo. Bulala ba ta buɗe kunne.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu