Ruwa kafin kifi

Yaya,

A gaishe min da Inna, a ce mata sanyin Manchesta ya fara sassautawa.

Ranar da muka yi waya ka hango akwatin gilashi a falonmu cike da ruwa, fitila na ci, inji na ƙugi, babu kifi ko ɗaya, ka tambaye ni dalili. Amsar ta fi ƙarfin waya.

Auta ce ta matsa sai an saya mata kifin ado. A kantin kifin, matar da ke wurin ta sayar mana da tanki, da matatar ruwa, da tsakuwa, da na'urar ɗumama ruwa. Da muka zo kan kifi sai ta ce mu dawo in ruwan ya nuna. Ga kuɗi a hannuna, ga ciniki ya zo mata har gida, ta ƙi karɓa.

Kifi yana fitar da amoniya, ta kashinsa da ta wurin numfashinsa. A kogi ruwa ke tafiya da ita. A tanki kuwa taruwa take yi har ta ƙone masa wurin numfashin. Masu cetonsa wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, suna zama a soson matata da jikin tsakuwa. Na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya naitirait. Shi ma guba ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iska, sai ka ga kifi yana haki a saman ruwa alhali ruwan garau yake. Na biyu, irin su Nitrospira, su ke mayar da shi naitiret, wanda kifi ke jurewa in bai yi yawa ba, kuma ana rage shi da canza wani ɓangare na ruwan duk mako.

Sabon tanki ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi, kuma ba sa gaggawa. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6, wani lokaci har 8. Don haka tankin da babu kowa a ciki muke ciyarwa. Mu ɗiga amoniya, mu ɗebi ruwan a 'yar kwalba, mu sa maganin gwaji, Auta ta kara launin da kati. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya ya hau ya sauka. Ranar da duka biyun suka koma sifili kwana guda bayan an ɗiga, ruwa ya nuna. Ruwan famfo yana da kulorin mai kashe ƙwayoyin, sai an sa masa magani tukuna, kuma ba a wanke soson a bakin famfo. Wani abokin aikina ya yanko min guntun tsohon sosonsa in cusa a matatarmu, kamar yadda ake zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara don ta kama.

Ba halin matar nan kaɗai ba ne. Dokar kula da dabbobi ta 2006 a Ingila da Wales ta ɗora wa duk mai kiwo nauyin samar wa dabbarsa mazaunin da ya dace da ita, kuma kifi na ciki. Ta hana sayar wa yaron da bai kai shekara 16 ba dabba. A 2022 wata doka ta amince har ƙaguwa tana jin zafi. Ba kowane kanti ke tambaya ba, kuma kifi da yawa na mutuwa a ƙananan kwanonin gilashi a gidajen nan. Amma aƙidar tana nan, yara suna tashi da ita.

Mu ma ba baƙonmu ba ne. Tun a makarantar allo muka ji labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Sai dai tausayinmu yakan tashi ne in mun ji kuka, na jaki ko na akuya. Kifi ba ya kuka. Wanda zai kiyaye haƙƙinsa dole ya yi shi tun kafin ya iso, da ilmi da haƙuri. Wannan ne ya shiga raina, kuma shi nake so Auta ta ɗauka daga ƙasar nan.

Ya sa na tuna da kiwon tarwadarka. Tarwada tana iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa take rayuwa a ruwan da zai kashe wani kifin, sai mai ita ya zaci lafiya lau. Amoniya kuwa tana nan tana rage mata ci da girma, kuma gubarta ƙaruwa take in ruwa ya yi zafi. Ga bazara ta ƙarato Zariya. Sabon tankin simintin da kake ginawa, ka jiƙa shi ka zubar, ka maimaita har kaifin simintin ya fita kafin ka zuba 'ya'yan kifi. Zan ba mai zuwa gida da Sallah kayan gwajin ruwa ya kawo maka, da bayanin launukan da Hausa.

A gaida yara da maƙwabta.

Ƙaninka