Ranar Da Na Ji Waƙar Shata A Bakin Wani Yaro



Makon jiya na raka Baba bikin jikar amininsa a Azare. Bayan la'asar sai ga wasu matasa da kalangu, sana'arsu ita ce rera waƙoƙin marigayi Alhaji Mamman Shata. Shugabansu bai kai shekara talatin ba, da ƙyar in an yaye shi lokacin da Shata ya rasu a 1999.

Gaskiya raina bai so ba. Da muryar Shata na tashi, a tsohuwar rakodar Baba, kuma na haddace baitocin. Sai na ji yaron yana cire sunayen mutanen da Shata ya wasa, yana cusa na masu yi masa liƙi. Na raɗa wa Baba cewa wannan ai cin amanar mamaci ne.

Ya dube ni ya ce, "Kai a kaset ka san Shata, ni a fili na san shi. Shi ma wanda ke gabansa yake yi wa waƙa."

Da suka ɗauko Bakandamiya, 'yan amshi suka karɓa, sai na ga leɓen Baba yana motsi. Tun rasuwar Inna bai sake kunna rakodar nan ba, ko da mun roƙe shi.

Muryar yaron ba ta kai ta Shata ba, har yanzu ina kan bakana. Amma na tashi na yi masa liƙi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.