Warin Fetur A Hanyar Lakwaja

Na daɗe ina marmarin zuwa Lakwaja, garin da Kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, domin in ziyarci kabarin Sarkin Kano Alu Babba, wanda Turawa suka kama a 1903, ya kuma rasu can a 1926. Da Allah ya nufa, wata Asabar da sassafe muka tashi daga Abuja cikin tsohuwar motar ƙanena, da ni da shi da 'ya'yansa biyu. Tafiyar kusan kilomita 200 ce.

Muka wuce Gwagwalada da Kwali lafiya lau, muka tsaya Abaji muka sha mai. Bayan mun tashi da kaɗan sai na fara jin warin fetur. Na ce wa ƙanen nawa, "Kai, ba ka jin wari?" Ya ce, "Yaya, ai man da muka sha ne, yanzu zai baje." Muka yi kamar rabin sa'a, wari sai ƙaruwa yake yi, har ƙaramin yaron ya ce kansa yana ciwo. Da muka doshi Kotonkarfe na ce lalle a tsaya, domin rigakafi ya fi magani. Muka gangara gefen titi, aka kashe inji, kowa ya fita ya ja da baya.

Wani mai acaɓa ya ɗauko mana wani dattijon bakanike, mutumin garin, mai Hausa kamar jakin Kano. Kafin ya taɓa kome sai da ya tambaya ko akwai mai shan taba a cikinmu, ya kuma kori wani yaro da ya matso da garwashin gasa masara. Ya ce mini, "Alhaji, ruwan fetur da kake gani da sauƙi, tururinsa ne mugun. Ya fi iska nauyi, yana kwantawa ƙarƙashin mota, tartsatsi ɗaya ya ishe shi."

Abin da ya burge ni shi ne yadda ya bi aikin daki-daki, ya fara da mai sauƙi. Ya buɗe but ko akwai jarkar mai da ta zuba, babu. Ya kwance murfin tanki ya duba robarsa, domin in ta tsage tururi yakan fita ta nan, ya tarar lafiyarta ƙalau. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tankin, ƙasa a bushe. Ya sa yatsa cikin salansa, bai ga baƙi mai yawa ba. Ya ce da injin yana shan mai fiye da kima, da mun ga baƙin hayaƙi, kuma da warin ta baya zai fito. Sa'an nan ya ɗaga bonet ya taɓa fulogogi, duk a ɗaure suke.

Ƙanena ya ce, "To, Baba, ai ka ga ba kome." Dattijo ya yi murmushi, ya ce a jira inji ya huce. Da ya huce ya ce a murɗa makulli amma kada a tayar. Fanfon mai ya yi 'yar ƙara daga cikin tanki, nan take muka ga fetur yana tsirtowa kamar bakin allura daga tiyon da ya fito daga filta, yana sauka kusa da ƙarfen da hayaƙi yake bi. Robar ta tsufa ta bushe, ta tsage daidai wurin maɗaurinta. Dalilin da ya sa ba mu ga ɗigo a ƙasa ba, watau man yana faɗawa kan ƙarfe mai zafi sai ya bi iska, iskar kuwa ta shigo mana cikin mota. Jikina ya yi sanyi da na dubi yaran nan biyu suna wasa gindin mangwaro.

Ƙanena ya nemi a naɗe wurin da roba mu lallaɓa zuwa Lakwaja. Bakanike ya ƙi. Ya ce motoci masu injekta fanfonsu yana tura mai da ƙarfi, ba kamar masu kafireta ba, naɗi ba zai riƙe ba. Ya cire kan batir, ya aika aka sayo sabon tiyo wanda aka yi domin fetur, ya ce na ruwa fetur yakan cinye shi. Ya ɗaura da sababbin maɗaurai, ya goge man da ya zuba, aka bar bonet a buɗe ya sha iska. Aka tayar da inji ya yi minti goma, ba ɗigo ba wari.

Da la'asar muka haye Kogin Kwara ta Gadar Murtala Muhammad da ke Jamata, masunta suna ta jefa birgi daga kwale-kwale. Muka shiga gari ta Felele, inda wata tankar mai ta faɗi ta kama wuta a watan Satumba na 2020, mutum fiye da 20 suka halaka, har da 'yan makaranta. Ba wanda ya ce uffan a cikin motarmu sai da muka wuce.

Kashegari muka yi ziyara a unguwar Kabawa, muka yi wa sarakunan da ke kwance nan addu'a. Daga nan muka hau Dutsen Patti, muka hango inda ruwan nan biyu suka gauraya, da garin da Lugga ya yi shelar kafa mulkin Ingila a Arewa ran 1 ga Janairu, 1900.

Jama'a masu motoci, da ku direbobi, in wari ya wuce 'yan mintoci bayan an bar gidan mai, a tsaya a duba, ko da ana sauri. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri, ya kiyaye mu a hanyoyinmu, amin.