Kyamarar da ba mu saya ba, da yadda tafsirin Dakusa ya kai ga ƴan ci-rani

Tun bayan ƙaramar sallah ƴan uwa daga garuruwan da ke kewaye da mu suke ta aiko da tambaya iri ɗaya: wace kyamara kuka saya kuka riƙa watsa tafsirin masallacinku kai tsaye? Mun gaji da amsa wa mutum ɗaiɗai, shi ya sa muka ce bari mu rubuta a nan kowa ya gani. Gaskiyar magana ba mu sayi kyamara ba. Kuma saura ƙiris rashin sayen nan ya raba kanmu da ƴan uwanmu da suka tara kuɗin.

Abin ya faro ne daga zauren WhatsApp na ƴan garinmu da ke ci-rani. Akwai na Libiya, akwai na Aljeriya, akwai waɗanda ke haƙar zinariya a Jado, ga na Agadas da Kano da Legas. Ana saura wata biyu azumin 2025, wani daga cikinsu ya turo murya yana cewa shekararsa huɗu rabonsa da jin tafsirin Malam, ya ji na manyan malamai a waya har ya gaji, shi dai na gida yake marmari. Kafin mako uku sun tara jika ɗari biyu, wato sefa dubu 200, suka turo mana mu matasan da ke kula da lasifikar masallaci. Saƙon da ya biyo kuɗin gajere ne: a sayi kyamara mai kyau.

Wanda bai taɓa zuwa ci-rani ba ba zai san nauyin wannan kuɗi ba. Kuɗin ɗaukar bulo ne da kwaɓa siminti cikin rana, kuɗin mutumin da ya rage abin da zai aiko wa matarsa. Mu kuwa, ba za mu ɓoye ba, mun fi su son kyamarar. Muna ganin yadda manyan masallatan Kano da Abuja ke watsa nasu, hoto na juyawa daga malam zuwa jama'a, sai muka ɗauka mu ma haka za mu yi. Har an fara gardamar wa zai riƙa rataya ta a wuya.

Muka shiga Damagaram, muka zaga Kasuwar Dole da shagunan da ke kewaye. An nuna mana wata kyamara ta hannu, kuɗinta kaɗai zai cinye kashi uku cikin huɗu na abin da ke aljihunmu. Da muka tambayi yadda ake haɗa ta da Facebook, nan lissafi ya fara watsewa. Ita kyamarar irin wannan ba ta shiga intanet da kanta. Sai an sami wata ƙaramar na'ura da ke karɓar hoton ta shigar da shi kwamfuta, sai ita kwamfutar, sai manhajar watsawa irin su OBS, wadda ita dai kyauta ce, sai kuma wutar da za ta riƙe duk waɗannan na tsawon awa guda da rabi kullum. A masallacin da ko lasifika da batirin sola take aiki.

Allah da ikonsa, wayar ɗaya daga cikinmu ta ƙi caji, muka tsaya wurin wani mai gyara. Yana aiki muna ta gardamarmu a kansa, sai ya sa baki. Ashe Kirista ne, kuma shi ne ke watsa addu'ar cocinsu kai tsaye ranar Lahadi don mambobinsu da ke nesa da marasa lafiya. Ya ce su ma da kyamara suka fara, yanzu tana cikin akwati, sai ranar ɗaurin aure ake fito da ita. Sannan ya yi mana tambayoyin da tun daga gida babu wanda ya yi wa kansa: su wa za su kalla, a wace irin waya, kuma wa zai biya musu mega? Ya ce, “Ƴan uwana, mutum zai zauna awa guda yana kallon hoto dishi-dishi muddin yana jin magana tas. Amma murya ta riƙa ƙara tana amsa-kuwwa, wallahi minti biyu ya fita.” Ya ɗauki biro ya yi mana lissafi a bayan kwali. Hoton da ake kira 720, in ana tura shi da gudun megabit biyu da rabi a daƙiƙa, yana cin fiye da jiga ɗaya a awa. In an rage shi zuwa megabit ɗaya, wajen mega 450. Murya zalla kuwa ba ta kai mega 30 a awa ba. Kuma ba mu kaɗai za mu biya ba, duk mai kallo sai ya biya nasa a can inda yake. Wato in muka sayi kyamarar da ke fitar da hoto garau, mun sayi abin da rezon garinmu ba zai iya ɗauka ba, su ma masu kallon ba za su iya biya ba.

Ba mu biya shi ko dala ba a kan wannan shawara, kuɗin gyaran waya kawai ya karɓa.

Muka dawo gida da waya ta hannu mai kyamara mai kyau, da sanda mai ƙafa uku, da pawa-banki, da ƙaramin mikro na maƙalawa a riga mai igiyar mita shida. Da muka tura hoton kayan a zauren, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan muryoyi suka fara shigowa. Wani ya ce shi waya yana da ita, ba don a sayi waya ya cire kuɗinsa ba. Wani bai faɗa ƙarara ba, amma kowa ya gane abin da yake nufi: an ci kuɗi. Wannan ta yi mana zafi ƙwarai, har biyu daga cikinmu suka ce a mayar musu da kuɗinsu kowa ya huta. Ba laifinsu ba ne kuma, wanda ke nesa bai ga abin da ka gani ba, kuma ba yau aka fara tara kuɗin masallaci a garuruwanmu a neme su a rasa ba. Abin da muka yi shi ne muka rubuta kowace dala a takarda, Baba Liman ya sa hannu, muka ɗauki hoto muka tura, ragowar kuɗin kuma muka ajiye a hannunsa. Wani dattijo da ke zaune lokacin ya ce a ba shi wayar. Ya ce musu, “Ƴaƴana, mu shekara da shekaru muna jin tafsiri a Rediyon Kaduna, muna kewaye da akwati ɗaya, ba mu san kamannin malaman ba, kuma karatun ya shiga. Ku bari a gwada, in bai yi ba ga kuɗinku nan.” Da haka ƙura ta ɗan lafa.

Gwajin farko kunya muka sha. Mun kafa wayar a bayan sahu, ba mu saka mikron ba don muna ganin lasifika ta isa. Abin da ya fita ba a cewa komai: muryar Malam sau biyu, ta bakinsa da ta lasifikar da ke dukan bango tana dawowa, ga tarin tsofaffi, ga kukan akuya daga waje. Washegari wani mai wayo a cikinmu ya ce a ja igiya daga ampili kai tsaye zuwa waya. Nan ma murya ta fashe kamar ana yaga buhu, don ƙarfin da ke fita daga ampili ya fi ƙarfin abin da ramin mikron waya ke iya karɓa. Ga wata ƙaramar magana da ta ci mana yini guda: kan igiyar da waya ke gane shi a matsayin mikro mai zobe uku ne baƙaƙe, mai zobe biyu kuwa in ka soka, wayar za ta yi kamar ba a saka komai ba, ta ci gaba da ɗauka da nata mikron. Ku duba wannan kafin ku bar shago.

Da muka maƙala mikron a rigar Malam, muryarsa ta fito kamar yana zaune a ɗakinka. Muna murna sai ga saƙo daga Aljeriya: ina mai jan baƙi? Mun manta tafsiri murya biyu ne. Alaramma na jan aya, Malam na fassara, mu kuwa mun kama fassara mun bar ayar tana zuwa daga nesa kamar daga cikin rijiya. Shi mai gyaran nan nasu mai wa'azi ɗaya ne a gaba, bai san da wannan matsala ba balle ya gaya mana. Sai da muka sake aikawa Damagaram aka kawo mikro na biyu da ƴar igiya mai raba biyu, muka kuma rage ƙarar lasifikar ciki. Daga daren bakwai ga azumi ne abin ya daidaita.

Rezo kuma nasa daban. A cikin masallaci, tsakanin kaurin bango da rufin kwano, sanda ɗaya ko biyu ake samu. Mun koyi cewa wayar da ke buɗe bidiyon wasu da sauri ba lallai ta iya tura naka ba, don gudun saukewa daban, na turawa daban, kuma na turawar ne ya dame mu. Muka gwada layuka biyu a wurare daban-daban a daidai lokacin tafsiri, ba da tsakar dare ba da kowa ke barci. A ƙarshe muka aro wata waya, muka saka ta a ƴar jaka muka rataye a reshen dogon yaron ƙofar masallaci, ita ke kamo rezo tana raba wa ta ciki. Wannan ya rage wa mai ɗaukar hoton zafi ma, don a rana ta huɗu ta taɓa kashe kanta ana tsakiyar karatu saboda zafin bazara. Tun daga nan muke cire mata riga, mu rage hasken fuskarta, mu nisanta ta da taga. Wasu sun kawo shawarar Starlink, tunda a shekarar ne ya fara aiki a Nijar, amma kuɗin wata-wata da wutar da yake buƙata sun fi ƙarfin asusunmu.

Wanda zai buɗe sabon shafi ya sani, Facebook ba ya barin a watsa kai tsaye sai asusun ya kai kwana 60, shafin kuma yana da mabiya aƙalla 100. Mu ana jibi azumi muka gano haka, dole muka koma tsohon shafin matasan gari. Kuma tun watan Fabrairun 2025 bidiyon kai tsaye kwana 30 yake yi a goge shi. Don haka duk dare muna sauke namu mu ajiye a memori.

Akwai kuskure ɗaya da har yanzu in muka tuna sai jikinmu ya yi sanyi. Wani yaro cikinmu, don son nuna cikar masallaci, ya ɗaga wayar ya juya ta, hoto ya kama gefen da mata ke zama, labule kuwa a ɗage saboda zafi. Daƙiƙu kaɗan ne, amma kafin a sha ruwa wani magidanci ya kira daga Libiya ransa a ɓace, ya ga iyalinsa a Facebook ba da saninsa ko saninta ba. Mun goge bidiyon, mun je har gida mun ba ta haƙuri, amma kwana uku wasu matan ba su zo ba. Baba Liman ya tara mu ya ce, “Ku ji nan yara, wayar nan Malam da Alaramma za ta kalla, ba ta juyawa ko'ina. Wanda ya zo jin karatu bai zo a nuna shi ga duniya ba.” Muka ɗaure ƙafafun sandar da igiya a jikin ginshiƙi. Da a ce kyamarar nan mai jawo nesa muka saya, da hannun yara a kanta, Allah kaɗai ya san abin da za a nuna.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne masu kallo kai tsaye ba su taɓa yawa ba, goma ne, sha biyar, ran Juma'a su ɗan ƙaru. Tafsirinmu bayan la'asar ake yi, Libiya kuwa tana gabanmu da awa ɗaya, lokacin wasu ba su tashi aiki ba, wasu na fafutukar abin buɗa-baki. Na Jado kuma rezo sai an nema. Abin da suka fi nema shi ne a turo musu muryar a WhatsApp su saurara bayan asham ko lokacin sahur. Sai muka riƙa cire muryar daga bidiyon muna turawa, kuma ita ce ta fi yawo, har tsofaffin cikin gari da ba sa iya fitowa ake kunna wa. Mutumin nan da ya fara zargin an ci kuɗi, shi ne ya fi kowa damunmu in muka makara da turawa. Bai dai ce a yafe shi ba, mu ma ba mu tayar da maganar ba.

Ga masu son lissafi: waya jika 65, mikro biyu da igiyarsu 14, sanda 8, pawa-banki 12, memori 5, mega na wata guda 25, kuɗin mota zuwa Damagaram da dawowa 6. Jika 135 ke nan, saura 65 a hannun Baba Liman. Farashin nan na lokacin ne kuma yawanci kayan hannu ne, kada wani ya je ya yi faɗa da mai shago da sunanmu.

A kan ragowar kuɗin har yanzu ba a daidaita ba. Yawancinmu muna ganin a ƙara farantin sola ɗaya da batir, don sau biyu ampili na mutuwa kafin a shafa addu'a. Mata sun aiko cewa a saka musu ƙaramar lasifika a gefensu tunda an rage ta ciki. Akwai kuma mutum biyu a zauren da har gobe suna kan bakansu, a ƙara kuɗi a sayi kyamarar. An sa zama ranar Juma'a mai zuwa bayan sallah a ƙofar gidan Baba Liman, na nesa kuma su turo muryoyinsu kafin daren Alhamis a kunna a gaban kowa.