Irin Maiwar da Na Cinye

Ranar Talatar da ta wuce, a kasuwar Mafara, na tarar da jikana yana taya damin busasshiyar kyasuwa zai kai wa raguna. Shi ne fa da damina ya goya tankin feshi ya ƙone kyasuwa da harkiyar da ke gefen gonarmu a Tsibiri. Ka kashe da kuɗi, ka dawo ka saya da kuɗi! Wannan wace irin dabara ce?

Sai dai bakina ya yi nauyi, don na riga shi ɓarna.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa dogara da iri ɗaya ba. Gero, mai nuna cikin wata uku, shi ke fid da gida daga yunwar tsakiyar damina; tun yana tumu muke gasawa a bakin gona. Zango mai dogon kai shi ke cika rumbu. Maiwa kuwa ba ta gaggawa, sai ruwa ya ɗauke take cika ido, kusan tare da dawa. A iyakar gona yakan bar gamba, ta riƙe ƙasa, ta ba mu zana da jinka. Kara na shanu da darni, dusa ta tumaki. Ba abin yarwa.

Da aka gama madatsar Bakolori a 1978, hankalinmu ya koma kan shinkafa da alkama. Na raina maiwa. Da farin 1984 ya matsa, na sauko da damin irin da tsoho ya bari a rumbu, aka daka, muka sha kunu kwana huɗu. Kwana huɗu kacal! Irin da ya gada wurin kakansa. Daga baya na bi Bakura, na bi Maradun, na sami maiwa, amma ba waccan ba.

Ban ce ku ƙi sabon iri ba. Ruwa ya daina cika alkawari, kuma a wannan zaman ɗar-ɗar, wa zai bar amfaninsa a daji har sanyi ya shigo? Ni ma bana mai saurin nuna na shuka. Amma wallahi da waccan maiwar na hannuna, da na shuka ko kunya biyar ce a bayan gida.

'Ya'yana, ku bar wa gamba iyakarta, ku yanki kyasuwa ku adana tun tana ɗanya. In yunwa ta matsa, ku sayar da akuya, ku ci bashi, amma kada hannunku ya kai ga iri.