Ratsin da ke ɓata kyallen walima

Yanzu da wuya a yi walimar saukar Alƙur'ani, ko ɗaurin aure ko suna, ba a rataya babban kyallen nan na leda da ake kira bana ba. Sau da yawa kuma mu mata ne ke haɗa kuɗinsa, amma sai a kawo shi a naɗe ranar taro, a buɗe a ga fararen layuka sun ratsa shi daga gefe zuwa gefe. Mai shago ya ce hotonki ne bai da kyau, ke kuma ki yi shiru.

To, ba hoton ba ne. Hoton da aka tura ta WhatsApp, in an faɗaɗa shi, dishi-dishi yake yi ko ya farfashe. Ratsi miƙaƙƙe mai tazara iri ɗaya kuwa, daga inji yake.

Injin ba ya buga kyallen gaba ɗaya. Yana da kai mai ɗauke da ɗaruruwan kafofi da ido ba ya iya rarrabewa, yana kai da komo yana fesa tawada kala 4: shuɗi, jan hoda, ɗorawa da baƙi. Duk sawu ɗaya sai ledar ta ɗan matsa gaba. In wasu kafofin suka toshe, wurinsu zai fito fari a kowane sawu. Wannan ya fi yawa da hunturu, don busasshiyar iska da ƙura suna busar da tawada a bakin kafa, balle in injin ya kwana biyu bai yi aiki ba. In kuma matsawar ledar ce ba a saita ba, sai ta zarce a sami farin layi, ko ta gaza, sawu ya hau kan sawu, layin ya fito da duhu.

Akwai kuma gaggawa, wadda a ganina ita ta fi cin mu. Mai aiki ne ke zaɓar sau nawa kan injin zai bi wuri ɗaya, sau 4, ko 6, ko 8. In ya bi da yawa, lafiyayyar kafa tana rufe gurbin wadda ta toshe, sai dai aikin ya ɗauki lokaci. Wadda ta kai aiki da yamma tana so da safe, ƙaramin adadin za a ba ta.

Abin da ya sa na damu, a saukar ɗalibanmu ta bara wani shago ya buga mana kyalle mai sunayen yara da Larabci. Farin layi ya bi ta saman wani jeri ya shafe ɗigo-ɗigon haruffa. Kin san ɗigo ne ke raba ba'un da ta'un da nunun. Wata yarinya ta tsaya tana neman sunanta, ta kasa karanta shi, mahaifiyarta kuwa da kuɗin ƙosai ta biya nata kason. Da aya ce a wurin fa? Shi ya sa ni ba na son a sa aya a kan bana, tunda bayan taro a kan ga an shimfiɗa shi ana shanya barkono.

Saboda haka in za ki aika maigida ko ɗanki, a kai aikin da saura kwana 3 ko 4. A ce a fara buga gwajin kafofi. Ɗan zane ne na ƙananan layuka a kowace kala, wanda ba ya cin minti biyu, kuma duk inda layi ya yanke za a gani, sai a wanke kan injin a sake. Daga nan a buga ɗan yanki na aikinki, wurin da ke da rubutu da wurin da kala ɗaya ta mamaye, musamman kore ko shuɗi mai duhu, don nan ratsi ya fi bayyana. A fito da shi waje a duba a hasken rana, a kuma yi magana tun kafin a biya cewa in ratsi ya fito, shago ne zai sake bugawa.